Ɗakin mutum-mutumi a cikin tarika

A 'yan shekarun nan dattawan unguwarmu da suka yi sana'ar sayar wa Turawa kayan gargajiya suna ta komawa ga Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, Allah Ya jiƙansu da rahama. Kusan kowanne a cikinsu, idan aka zo lissafin tarika sai a tarar da wani ɗaki a ƙuryar gida an garƙame shi da kwaɗo. Ana buɗewa sai ga mutum-mutumi jibge, na itace da na tagulla da na yumɓu, wasu a naɗe cikin tsofaffin jaridu, wasu a buhu har gara ta fara ci. Nan take magada sukan rabu gida biyu. Samari da suka gani a waya cewa an sayar da wani kan yumɓu a Turai da miliyoyi, su ce ai arziki ya zo. Iyaye mata kuwa su ce a fitar da gumakan nan a ƙone, kada su hana mala'iku shiga gida. Kowane ɓangare yakan zo neman fatawa, kuma ba a iya ba su amsa mai gamsarwa sai an san yadda kayan nan suka shigo gidajen Musulmi tun farko, da abin da ya sa suka maƙale a ɗaki ba su fita ba.

Abin ya faro ne daga kuza. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwen Dalma a nan ƙasar Bauchi suna narka kuza, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwar Kano da gaba. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin kamfanin Neja. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, ba su ɓata lokaci ba suka bi sawun kuzar har kan tsaunuka, wajen Tilden Fulani da Naraguta. Yaran yanzu ba su san cewa Jos a ƙarƙashin lardin Bauchi take ba har 1926 da aka yanke lardin Filato. Ƙaramin jirgin ƙasan da aka shimfiɗa daga Zariya ya isa Bukuru a 1914, sunan Bauchi aka sa masa, alhali bai taɓa shigowa garin nan ba. Mu sai 1961 muka ga jirgi. Dubban mutane daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suka kwarara filin kuza, wasu lebura, wasu ɗinki, wasu fawa, wasu koli. Da yawa daga gidajen unguwar nan suna da kaka ko baffa da ya taɓa zaman Bukuru ko Barikin Ladi kafin ya dawo ya zauna.

A cikin haƙar kuza ne, a 1928, aka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Aka ajiye shi a Jos, ba wanda ya damu da shi. Sai a 1943 aka sake tono wani kan mutum a wajen Jama'a. Wani akawun ma'adinai ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar ɓarna, wato ya yi ainihin aikin mutum-mutumi har kusan shekara guda. Daga baya kan ya isa hannun wani matashin jami'in mulki a Jos mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Ya haɗa shi da na 1928, ya ga sun yi kama da juna, ya gane cewa aikin al'umma guda ne. Shi ya raɗa musu sunan Nok, ya roƙi masu haƙar kuza su riƙa kawo duk abin da suka tono, kuma a kan waɗannan kaya aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Binciken baya-bayan nan ya nuna mutanen sun fara zama a yankin kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun fara gasa waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. A Taruga kuma an tono matoyan da suke narka ƙarfe. Ba mu san sunan da suke kiran kansu ba, balle harshensu.

To ina iyayenmu suka shigo? Ta ƙofar koli. Ɗan koli ya ɗaure kayansa a bayan keke da yamma, ya nufi unguwar Turawa, ya shimfiɗa a barandar bature: jakunkunan fata, matasai, wuƙaƙe masu kube, tasoshin Bida, bargon luru. Uwargida ta taya, a yi ta ja har magariba. A hankali Turawa suka fara tambayar sassaƙe, ɗan koli kuwa abin da aka tambaya shi yake nemowa. Daga nan Bauchi hanya a buɗe take, ta Gombe zuwa Numan da Jalingo, ko ta kudu zuwa Wase da Ibi, ƙasashen Mumuye da Jukun da Camba, masu sassaƙa itace. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa da bayansa, sassaƙen kwarin Binuwai suka fita da yawa ta Kamaru zuwa Faransa. Wasu masu su ne suka sayar da hannunsu, don sun shiga Musulunci ko Kiristanci sun bar tsafi. Wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, yaran gari ne suka sato su da dare daga ɗakin tsafi, mai saye bai tambaya ba.

Mutane kan yi mamakin yadda Musulmi masu sallah suka mamaye wannan kasuwa daga Kano har Abijan. Mu da muka tashi a gabansu ba mu ga abin mamaki ba. Ɗan garin da aka sassaƙa abin yana tsoronsa, ba zai saka shi a buhu ya hau mota da shi ba. Bahaushe kuwa ba ya tsoronsa, ba ya girmama shi. Tsofaffinmu ko gunki ba sa ce masa, itace suke cewa. Ga kuma zango a kowane gari, da maigida mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi, tsarin da aka gada tun fataucin goro na Gwanja. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Steiner ya zauna da Hausawan Treichville a Abijan, ya fitar da littafi a kan sana'arsu a 1994. Wasu har Niyok suka kai, suna baje kaya a titi na 125 a unguwar Harlem, kafin hukumar birnin ta tashe su a watan Oktoba na 1994.

Akwai abin da magada ya kamata su sani, ko da ba daɗin ji. Tsofaffin kaya na ainihi sun ƙare da wuri, masu saye kuwa ba su ƙare ba. Saboda haka aka koma sassaƙa sabo a tsufar da shi. A rataye shi a madafa hayaƙi ya turara shi wata da watanni, a tauna goro a fesa masa, a shafa manja da toka, a binne ƙafarsa gara ta ɗan taɓa. Garin Fumban na Kamaru ya yi suna wajen zuba tagulla da sassaƙa kowane irin salo da aka nema. Bature yana son ya ji cewa shi ya fara gano abin, sai a naɗe masa a tsumma, a kai masa da dare ana raɗa. Yawancin abin da ke cikin ɗakunan iyayenmu irin wannan ne. Su kansu sun sani, shi ya sa ba su taɓa lissafa shi a matsayin babbar dukiya ba.

Kasuwar gida ta yi ƙarfi muddin akwai baƙi. Akwai Turawan kuza a Jos, akwai malaman makarantu, akwai ma'aikatan kamfanin Steyr da aka buɗe a nan Bauchi a ƙarshen shekarun 1970, ga masu zuwa Yankari tun da aka buɗe ta ga baƙi a 1962. Sai farashin kuza ya karye a duniya a 1985, darajar naira ta bi baya daga 1986. Talauci ya sa manoma suka koma haƙa da kansu. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi wani irin rububi a kudancin Kaduna da kewayen Abuja da Kwatarkwashi kusa da Gusau: mutane suka bar gona, suka yi ta farke tsaunuka suna neman kawunan yumɓu. A lokacin ne sunayen Katsina da Sakkwato suka shiga bakin dillalan Turai a matsayin salon yumɓu, ban da Nok. Kaya su bi ta Kwatano da Lome, su sauka Beljiyam da Faris. Mai haƙa ya sami kuɗin buhun hatsi, dillalin Turai ya sayi gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da aka lalata a wannan haƙa ya fi abin da aka fitar, domin duk tukunya da gawayi da dutsen niƙa da ke gaya wa masana yadda mutanen suka rayu an watsar da su, an ɗauki kai kawai.

Abin da ya juya kasuwar ya faru ne a Faris. A 1998 gwamnatin Faransa ta sayi siffofi uku daga wani dillali a Beljiyam, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, a kan kuɗi sama da faran miliyan biyu. A watan Afrilu na 2000 Shugaba Jacques Chirac ya buɗe sabon sashe a gidan tarihin Louvre, aka baje na Nok a ciki. A daidai lokacin ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya don na sata ne, Nok na cikinsu. Aka yi ta cece-kuce har 2002, inda Faransa ta amince cewa kayan mallakin Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Tun daga nan manyan gidajen gwanjo suka fara gudun duk abin da ba shi da takarda. A 2013 Faransa ta dawo da wasu guda biyar da kwastan ɗinta suka kama, a watan Disamba na 2022 kuma Jamus ta kawo kashin farko na tagullar Benin har Abuja. A gida kuma rikicin Jos na 2001 da fitinar da ta ɓarke a nan Bauchi a watan Yuli na 2009 suka kori sauran baƙin. Dattawanmu suka kulle ɗakunan suna jiran kasuwa ta dawo, har ajali ya riske su.

Ita takardar da ake magana, ba rasit ba ce. Shaida ce da ke nuna hannun da abin ya bi, da cewa ya bar ƙasarsa kafin 1970, shekarar da UNESCO ta yi yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi, wadda Nijeriya ta shiga a 1972. Kuɗin da samari ke gani a waya kuɗin wannan takarda ne da sunan baturen da ya taɓa mallakar abin. Kan yumɓun da ke kwance a ɗaki a Bauchi ba shi da ko ɗaya. Akwai gwajin da ake yi a Turai, a huda ɗan rami a ɗebi garin yumɓun a gane lokacin da aka gasa shi, amma kuɗin gwajin kaɗai ya fi abin da dillalin gida zai taya kan. Masu jabu ma sun daɗe da gano dabara: su haɗa tsofaffin gutsattsari da danƙo su gina sabon mutum, duk inda aka huda a sami tsohon yumɓu.

Dokar ƙasa kuma ba ta bar ƙofa ba. Tun 1953 akwai dokar kayan tarihi, a 1974 gwamnatin soja ta hana cinikinsu, sannan doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta tattara hukuncin wuri guda. Abin da aka tono daga ƙasa, da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da wanda aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya yana da daraja ta tarihi, duk suna ƙarƙashinta. Ba a sayar da su sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a fita da su sai da izininta. Wanda ya saɓa, akwai tara ko ɗauri, a kuma ƙwace kayan. Ka ga ke nan magaji yana tsakanin abu biyu: in abin na ainihi ne ba shi da ikon kai shi kasuwa, in na jabu ne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mun ga wannan da idonmu a tarikar wani baffanmu da ya yi shekara talatin yana zirga-zirga tsakanin Jos da Jalingo da Kwatano. Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, huɗu ba su balaga ba. Kwana uku da sadakar bakwai sai ga wani dillali, wai ya zo ta'aziyya. Aka buɗe masa ɗakin, ya yi ta taɓe baki yana cewa duk itacen wuta ne, amma saboda zumuncinsa da marigayi zai kwashe duka a kuɗin babur ɗaya. Mu 'yan kasuwa ne, mun san mai kushe kaya yana so. Muka lura bakinsa na kan itace, idonsa kuwa na kan wani kwali a bayan ƙofa. Muka ce masa a dakata, ba a sayar da dukiyar marayu a dunƙule, kuma ba a sayarwa da ƙimar mutum ɗaya, balle mutumin da shi ne mai saye.

Abin da ya cece mu littafin marigayi ne, wani tsohon littafin lissafi da ya rubuta da ajami. A ciki muka ga kashi mai yawa na kayan ba nasa ba ne, amana ce ta wani abokin cinikinsa na Fumban, an kawo a sayar a ba shi kuɗinsa. Wannan ba ya shiga gado ko kaɗan. Tsarin shari'a a bayyane yake: a fitar da haƙƙin da ya rataya da ainihin kayan, a yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyya cikin sulusi, sannan a raba. Da an bi ta dillalin nan da an ciyar da marayu dukiyar wani.

Sauran muka baje a tsakar gida, muka kira dattawa biyu da suka yi sana'ar, kowanne ya yi ƙimarsa ba tare da ya ji ta ɗan'uwansa ba. Abin mamaki, abin da ya fi kawo kuɗi ba mutum-mutumi ba ne. Tasoshin Bida ne, da likkafu da linzamai da kayan doki, da takubba, da tsakiya, waɗanda masu hawan sallah da masu kayan aure suke nema har gobe, kuma duk aikin zamanin marigayi ne, ba su shiga dokar 1918 ba. Kwalin bayan ƙofa kuwa kawunan yumɓu uku ne a ciki, da ƙasa a jikinsu. Dattawan biyu suka haɗu a kan cewa biyu na ainihi ne. Su muka miƙa wa jami'an gidan tarihi, muka karɓi takardar shaida, aka ajiye ta tare da takardun gida. Wani daga cikin samarin ya yi kwana biyu ba ya gaishe mu.

Saura sassaƙen itace da na tagulla, inda maganar addini ta fi zafi. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa a shekarar buɗe Makka Manzon Allah (SAW) ya haramta cinikin gumaka tare da giya da mushe da alade. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: siffar abu mai rai, cikakkiya, mai inuwa, ita ce haramun, wadda ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita hukuncinta ya sauƙaƙa, 'yar tsanar yara mata kuma an yi rangwame a kanta. Malamai sun kuma ce idan aka karya gunki, ƙarfensa ko itacensa ya halatta a sayar. A kan haka muka kai na tagulla, waɗanda kowa ya tabbatar sababbi ne, wurin maƙera aka auna a kilo. Cikakkun siffofin itace ba mu sa kuɗinsu cikin rabon kowa ba. Fuskokin rawa da kujeru da ludayi masu ado aka sayar wa wani mai shago a Abuja.

Ga iyayenmu mata masu cewa a ƙone duka, muna girmama kishinsu, amma ba mu tare da su a kan na yumɓun nan. Ba wanda ya bauta musu shekara dubu biyu, ba wanda ya san ma ko an taɓa bauta musu. Sahabbai sun shiga Masar tare da Amru ɗan Asi, manyan siffofin Fir'aunoni suna nan tsaye har yau. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma ɗalibin da ya tsaya gaban kan Jama'a ya ji cewa masu wannan gwaninta ko sunansu bai rage ba, ya sami wa'azi. Fitar da su daga gida daidai ne, amma wurinsu gidan tarihi. Wannan fahimtarmu ce, akwai malaman da suka fi mu tsanantawa, kuma inda magada suka kasa daidaitawa kotun shari'a na nan, alƙali ya yanke.

Da aka gama, abin da ɗakin gaba ɗaya ya kawo bai kai rabin kuɗin filin da marigayi ya bari a hanyar Ningi ba, filin da ya saya da ribar shekarun da kasuwa ke ci. Matan biyu suka raba tumuninsu, aka damƙa rabon ƙananan yara ga wan mahaifinsu a gaban shaidu. Kayan amanar Fumban kuwa, kwali shida, suna nan a zauren gidan. Mun sami labarin mai su ya riga baffanmu rasuwa, mun aika wa 'ya'yansa saƙo ta hannun direbobin Gembu tun kafin azumi, har yanzu ba wanda ya zo.